Ciwon Tsakanin Kafaɗu Bayan Ɗaga Ƙarfe: Yadda Ake Fita Daga Cikinsa

Akwai wani ciwo da ya zama ruwan dare a wuraren ɗaga ƙarfe na unguwannin zango nan Kumasi, daga Aboabo zuwa Sawaba da Asawase. Mazauninsa tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, yawanci gefe guda. Wata rana ya yi lamo kamar ya tafi, wata rana kuma ko dogon numfashi ka ja sai ka ji ya soke ka. Bai kai ya kwantar da mutum ba, shi ya sa ake raina shi, shi ya sa kuma yake daɗewa. Mai shi yakan huta mako biyu, ya ji dama-dama, ya koma ya ɗora nauyin da ya saba, kafin Juma'a ta zagayo ciwon ya dawo. Haka za a yi ta kai-komo har wata shida, wani har shekara.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Hutu yana kwantar da zafi, amma tsokar da ta ji rauni, in aka bar ta ba aiki, ƙara laushi take yi. Ranar da ka koma sai ka ɗora mata nauyinka na da, alhali ƙarfin da ya rage mata bai kai can ba. Mafita ita ce a sake saba wa wurin da ɗaukar nauyi daga ƙasa, da ma'auni a hannu. Kafin nan, ɗan'uwa, akwai tambayar da ta fi duk wani motsa jiki muhimmanci.

Ka tabbata ƙarfen ne ya jawo shi

Saman baya ba kamar ƙugu ba ne. Cikin waɗannan haƙarƙarin akwai zuciya da huhu da babbar jijiyar jini, kuma gyambon ciki da ciwon matsarmama sukan turo zafinsu can baya. Don kana ɗaga ƙarfe, ba shi ke nuna duk ciwon da ka ji a wurin ƙarfe ne sanadinsa ba.

Idan ciwon ya zo da nauyin ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko gumi mai sanyi, ko zafi na gangarawa muƙamuƙi ko hannun hagu, ajiye wannan rubutu ka nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, ko a kira 112. Haka nan idan zafi ne ya dira farat ɗaya kamar ana yaga wani abu a ciki. Haka nan idan ƙafafunka sun fara nauyi ko mutuwa, tafiyarka ta sauya, ko fitsari ya ƙi fita ko yana ƙwace maka. Wannan alama ce ta an danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya barin naƙasa. Wanda ƙarfe ya faɗo wa a baya, ko shi ya faɗi da ƙarfe a wuya, shi ma hoto yake bukata kafin komai.

Akwai kuma waɗanda ba na gudu ba ne, amma bai kamata mako ya wuce ba ka ga likita ba: zazzaɓi da gumin dare, ramewa ba dalili, tarin da ya haura mako biyu, ko ciwon da yake tsananta da dare kuma ko yaya ka juya ba ya sassauci. Na daɗe a kan wannan ne saboda tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma sashen tsakiyar baya, inda haƙarƙari suke, yana cikin wuraren da ya fi kamawa. Yana cin ƙashi a hankali, mai shi yana ta shafa man zafi. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati a Gana, don haka kuɗi bai isa ya zama uzuri ba. Mai sikila kuma kada ya ɗauki ciwon baya da wasa. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar dekza (deksametason) don ya yi jiki ya gaya wa likita gaskiya, domin irin wannan magani yana sa ƙashi ya yi rauni har ya tsage da ƙaramin nauyi. Idan kuma ƙuraje masu ruwa sun feso gefe guda sun bi layin haƙarƙari kamar ɗamara, wannan cuta ce ta daban mai maganinta, kuma maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, alhamdu lillahi, sai mu ci gaba.

Gano inda abin yake

Daga gindin wuya zuwa saman ƙugu ƙasusuwan baya 12 ne, kowanne da haƙarƙari dama da hagu, kowane haƙarƙari kuma yana haɗe da ƙashin baya ta wasu ƙananan gaɓɓai. Allon kafaɗa shi ba shi da gaɓa da ƙashin baya ko kaɗan, tsoka ce kawai ke riƙe da shi a bayan haƙarƙari. Duk nauyin da ka ja da hannu, ta cikin waɗannan tsokoki yake bi.

Ciwon 'yan ƙarfe a nan yawanci ɗaya ne cikin uku. Na tsoka: ka san wurin, ka iya ɗora yatsa a kai, yana ƙaruwa idan ka ja abu ko ka matse allunan kafaɗa, yana sassautawa da ruwan ɗumi. Na gaɓar haƙarƙari: suka ce mai kaifi dab da ƙashin baya, tana tashi da dogon numfashi, tari, atishawa ko juya jiki, wani lokaci ta zagayo ta gefen ƙirji.

Na ukun shi ne wanda ya fi ɓatar da mutane. Ciwon yana tsakanin kafaɗu, amma tushensa a wuya yake. Ƙasan wuya yakan aika zafinsa gefen allon kafaɗa, sai mutum ya yi wata da watanni ana murza masa baya ba a taɓa inda matsalar take ba. Ka lura da kanka lokacin sallama a salla: idan ka juya kai dama ko hagu, wurin yana amsawa? Sannan ka zauna, ka juya kai wajen gefen ciwon, ka ɗan ɗaga haɓa sama a hankali. Idan zafin ya bayyana a kafaɗa ko ya gangara hannu har yatsu, da jin kamar ana tsira allura, to wuya ne. Wata alamar kuma ita ce ka ji sauƙi idan ka ɗora tafin hannun a kan kanka. Mai irin wannan ya fi kyau ya ga likitan fisiyo, wato mai gyara jiki ta hanyar motsa jiki, tun da wuri, musamman in hannun ya fara rasa ƙarfi.

Maganar “ƙashi ya goce” da ake yawan yi, a mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Haƙarƙari sun ɗaure wannan sashe tamau, kuma fitowar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya mai jawo ciwo a nan ba ta da yawa in aka kwatanta da ƙugu ko wuya. Ƙaran da kake ji idan an danna bayanka iska ce a cikin ruwan gaɓa. Hoton eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna tsoka, hoton MRI kuwa ga tsada, ga shi yakan nuna ƴan sauye-sauye ko a bayan mutanen da ba su taɓa jin ciwo ba. Ka bar likita ya yanke ko kana bukatarsa.

Ƙaramin raunin tsoka yakan haɗe cikin mako 2 zuwa 6. Idan naka ya haura wata 3, mai yiwuwa naman ya riga ya haɗe, abin da ya rage shi ne rashin ƙarfi, da sagewa, da kuma yadda wurin ya zama mai saurin jin zafi. Wannan labari ne mai daɗi, domin duka ukun suna gyaruwa da horo.

Ma'aunin da za ka riƙe har ƙarshe

Sayi ƙaramin littafi, ko ka buɗe wuri a wayarka. Ka riƙa ba ciwon maki daga 0 zuwa 10: sifili babu komai, goma kuwa ba ka iya jurewa. Ƙa'idar da za ka bi a kowane motsi ita ce: lokacin yi, zafi kada ya wuce 3, bayan an gama ya koma yadda yake cikin awa 24, kuma washegari da asuba kada ka tashi ya fi jiya. In ukun nan sun cika, abin da ka yi daidai ne ko da ka ɗan ji shi. In ɗaya ya karye, ka yi yawa, sai ka rage nauyi ko adadi, ba ka watsar da komai ba.

Makin asuba shi ne alkalin gaskiya. Jiki idan ya ɗumama a wurin horo yana ɓoye ciwo, ga abokai na zuga ka, sai dare ya yi abin ya fito.

A mako biyun farko ka cire abubuwan da suka fi tayar da shi. Yawanci su ne ɗaga ƙarfe daga ƙasa, jan ƙarfe zuwa ciki a sunkuye, ɗage kafaɗa da nauyi, tura ƙarfe sama da kai, da tsugunno da ƙarfe a doron wuya. Sauran horo ka ci gaba da shi: ƙafafu ba tare da ƙarfe a wuya ba, damatsa da ƙaramin nauyi a zaune ka jingina, da tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum kana kaɗa hannu sosai. Kada ka daina zuwa wurin horo gaba ɗaya. Wanda ya zauna a gida shi kaɗai da ciwonsa, zuciyarsa takan karye, kuma damuwa tana ƙara wa ciwo kaifi.

Sake wa wurin motsi

Wannan aikin kullum ne, safe da yamma, minti 10 ya isa. Ka fara da ɗumi: tawul da aka tsoma a ruwan zafi aka matse, a ɗora minti 15, ko wanka da ruwan ɗumi. Ƙanƙara ta kwana biyun farko ce bayan rauni. Ciwon da ya daɗe ya fi son ɗumi.

Numfashi tukuna. Zauna, ka zagaya tawul a ƙasan haƙarƙarinka ka riƙe bakinsa ta gaba, ka ja iska ta hanci a hankali har ka ji haƙarƙarin suna ture tawul ɗin ta gefe da ta baya, ka sake a hankali. Sau 10. Mutane kan raina wannan, amma mai ciwon gaɓar haƙarƙari yakan koma gajeren numfashi bai sani ba, gaɓar kuma ta ƙara sagewa.

Sai ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka tura tsakiyar bayanka sama ka sunkuyar da kai, sannan ka sauke ƙirji ƙasa ka ɗago kai, a hankali, sau 10. Bayan haka ka kwanta ta gefe, gwiwoyi a lanƙwashe, hannaye biyu a miƙe gabanka tafi kan tafi. Ka ɗaga na sama ka kai shi ɗaya gefen, idonka na bin sa, ƙirjinka na buɗewa, gwiwoyi ba su motsa ba. Sau 8 kowane gefe, ka tsaya inda zafi ya fara. Sannan ka zauna a kujera mai gajeren majingini, ka haɗa hannaye a ƙeya, ka lanƙwasa saman baya ta kan majinginin, sau 8. Wanda nasa na wuya ne ya ƙara da wannan: ka ja haɓa baya kai tsaye ba tare da ka sunkuya ba, ka riƙe daƙiƙa 5, sau 10.

Ƙwallon tanis tsakanin bayanka da bango tana taimakawa wurin da ya ƙulle. Ka danna a kan tsoka, kada a kan ƙashin baya, kuma kada ya wuce minti ɗaya a wuri guda. Sauƙin da take bayarwa na ɗan lokaci ne. Amfaninsa shi ne ya ba ka damar yin aikin da ke biye.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka bari: yawan jan hannu ta gaban ƙirji don miƙe wurin. Yana da daɗi lokacin, amma tsokar da ke tsakanin kafaɗu yawanci ta riga ta miƙe fiye da kima saboda yawan benci, wato tura ƙarfe kana kwance rigingine, da zaman duƙe. Ƙarfi take nema.

Mayar da ƙarfi

Nan ne ainihin warkewar take, nan ne kuma mafi yawa suke tsallakewa. Ka ba shi mako 4 zuwa 6, sau uku a mako, da kwana ɗaya tsakani.

Ba sai ka sayi kaya masu tsada ba. Tsohon tub ɗin keke daga wurin mai faci yana aikin robar motsa jiki. Ka riƙe shi da hannu biyu a miƙe gabanka daidai kafaɗa, ka buɗe hannayen har robar ta taɓa ƙirji, ka mayar a hankali. Sannan ka ɗaura shi a ƙarfen taga, ka ja gwiwoyin hannu baya, allunan kafaɗa su matso juna su ɗan sauka ƙasa, kafaɗu kada su hau kunne. Kowanne zagaye 3 na sau 12 zuwa 15. In ko wannan ya wuce maki 3, fara da matse allunan kafaɗa kawai ba roba, ka riƙe daƙiƙa 10, sau 6, har wurin ya yarda.

Kwanta rub da ciki, goshi kan tawul, ka buɗe hannaye gefe da gefe, babban yatsa na kallon sama, ka ɗaga su kaɗan daga ƙasa ka riƙe daƙiƙa 3. Sai ka matsar da su su kalli sama-sama ta gefen kai ka maimaita. Babu nauyi a hannu. Ƙato mai tura kilo 100 a benci yakan yi mamakin yadda wannan ke sa shi rawar jiki, kuma rawar nan ita ke nuna maka inda giɓin yake. Ƙara da tura bango: tafuka a bango, ka sauka ka tura, a ƙarshen turawar ka ƙara ture bangon har allunan kafaɗa su rabu da juna. Wannan yana tayar da tsokar gefen haƙarƙari mai manne allon kafaɗa a jiki.

Idan mako biyu suka wuce makin asuba bai tashi ba, sai a shigo da nauyi. Mafi aminci shi ne jan nauyi kana kwance rub da ciki a kan benci mai tudu, domin bencin ya ɗauke wa baya aikin riƙe jiki. Sai kuma ɗaukar galan. Galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa da kowane gida yake da shi sikeli ne a kansa, tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Zuba lita 8 a kowane galan, ka ɗauka dama da hagu, ka miƙe sosai ka yi taku 30 zuwa 40, zagaye 3. Duk mako ka ƙara lita ɗaya ko biyu.

Sauri ba naka ba ne a nan. Daƙiƙa 2 wajen ja, daƙiƙa 3 wajen mayarwa.

Komawa ƙarfe

Alamar ka isa ita ce mako biyu a jere makin asuba bai wuce 1 ba, kana jan dogon numfashi kana juya jiki ba suka, kuma gefen ciwon yana jan nauyi daidai da lafiyayyen gefen.

Kafin ka taɓa sanda, ka auna kayan wurinku. Yawancin wurarenmu na unguwa da siminti aka zuba a gwangwani ko bokiti ake horo, ko da tsofaffin faifan birki da giyar mota da aka samo daga Magazin ta Suame, unguwar makanikai. Babu laifi a cikinsu, ƙarfi da yawa an gina shi da su. Matsalar ita ce babu wanda ya san nauyinsu na gaskiya, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo biyu ko uku. Mutum ya yi wata da watanni yana jan sanda a karkace, gefe guda na baya yana biyan bashin. Ku ɗauke su ku kai wurin masu sayen tsohon ƙarfe a ɗora a sikeli, ku rubuta nauyin da fenti a jiki, ku haɗa masu daidai da juna. Ku duba sandar ma, in ta lanƙwashe tana juyawa a hannu lokacin ɗagawa. Sandar da ake gasa da ita ta maza kilo 20 ce ita kaɗai, don haka in wurinku yana da irinta ka sa ta a lissafi.

Fara da rabin nauyin da kake ɗagawa kafin rauni, ko ƙasa da haka. Duk makanike ya san injin da aka yi wa garambawul ba a hawa babban titi da shi a take wuta. Ana lallaɓa shi har kayan ciki su zauna. Ka ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a mako, kuma abu ɗaya za ka ƙara a lokaci guda, ko nauyi ko adadi. Kowane zagaye ka tsaya alhali kana jin za ka iya ƙara uku.

Ka dawo da motsi ɗaya-ɗaya, kwana uku ko huɗu tsakani, don in ciwon ya motsa ka san wanda ya taɓa shi. Benci da jan jiki a sanda su fara. Sai ɗaga ƙarfe, amma ka ɗora shi kan bulo ya kai gwiwa, kana sauke shi ƙasa sannu a hankali cikin makonni. Sai tsugunno, da nauyi a gaban ƙirji tukuna kafin ya koma doron wuya. Tura ƙarfe sama da kai da jan ƙarfe a sunkuye su zo ƙarshe. Motsin da ya ji maka ciwon tun farko shi ne na ƙarshen ƙarshe. Jan ƙarfe ko tura shi ta bayan ƙeya kuwa, ni ban ga abin da yake ƙarawa ba da ya kai wahalar da yake ba wuya da kafaɗa. Ka yi ta gaba.

Ka sa abokinka ya ɗauke ka bidiyo daga gefe da kuma daga baya. Abin dubawa: kai yana zurawa gaba? Saman baya yana ƙara duƙewa a tsakiyar ɗagawa? Kana fizgar ƙarfen maimakon ja? Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya hawa? Ka duba tsarin makonka ma. Samari da yawa benci ne Litinin, benci Laraba, benci Juma'a, bayan kuma sai in an tuna. Duk zagayen turawa ka biya shi da zagayen ja. Lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, masu horon asuba su tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 10 kafin nauyi.

Magani, ƙaho da tausa

Farasitamol yana taimakawa, amma kada babba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Ibufurofen da diklofenak na ƴan kwanaki ne, bayan cin abinci, kuma ba a haɗa su biyun. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini ya tambayi likita kafin ya sha. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu ka yi horo, domin ka toshe bakin ma'aunin da ke kare ka.

Sai tiramol. Zan yi maganar ba kwana-kwana, saboda ta cinye mana samari masu ƙarfi a zango, da yawansu kuma da ciwon jiki irin wannan suka fara. Hukumar abinci da magunguna ta Gana miligiram 50 da 100 ta amince da su, da takardar likita. Masu 120, 225 da 250 da ake sayarwa a ɓoye ba su da rajista. Tana kama mutum, tana jawo farfaɗiya, kuma ba ta gyara tsoka ko ɗaya. In ka riga ka fara har ba ka iya kwana ba ita, ka je asibiti a taimaka maka ka sauka a hankali. Babu abin kunya a nan. Allurar ƙara tsoka ma haka: nama yana girma ya bar jijiyoyin da ke riƙe da shi a baya, rauni ya biyo.

Ƙaho wurin wanzami da tausa da man kaɗanya suna sassauta wa wasu zafi na kwana ɗaya ko biyu, kuma ba na hana kowa, in dai aska sabuwa ce ba a taɓa wani da ita ba. Maɗori kuwa aikinsa karaya ne da targaɗe, ba ciwon da ba a san tushensa ba. Kada ka yarda wani ya hau bayanka da ƙafa, kada kuma a murɗe maka wuya da ƙarfi.

Sauran awoyin yini

Horo awa ɗaya ne, sana'a kuma yini guda. Tela a kan keke, direban tirotiro (motar haya) ko mai faragiya (babur mai ƙafa uku), makanike a ƙarƙashin mota, mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia, duk bayansu yana aiki tun kafin su iso wurin ƙarfe. Ranar da ka sauke buhunan siminti masu kilo 50, ka ɗauka ka riga ka yi horon baya, kada ka ƙara wani da yamma. Mai zaman wuri ɗaya ya tashi duk rabin awa ya miƙe, ya ɗago waya daidai fuska maimakon ya duƙa mata.

Barci awa 7 zuwa 9. Kwanciya ta gefe kana rungume da filo tana hana kafaɗa faɗawa gaba. Abinci kuma, mai ɗaga ƙarfe yana bukatar kamar giram 1.6 na sinadarin gina jiki a kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 70 ya nemi giram 110 ko kusa da haka. Wake da shinkafa da ƙwai da kifi, ƙosai da koko, wagashi, fura da nono, tuwon zafi da nama, duk suna kaiwa in an rarraba su sau uku ko huɗu. Sigari da shisha suna jinkirta warkewa. Da azumi ka mayar da horo bayan buɗa-baki ka rage nauyi. Ruku'u da sujada yawanci ba sa cutar da irin wannan ciwo, amma ranar da ya tsananta, addini ya ba da sauƙin yin salla a zaune.

Idan ya motsa, da lokacin neman fisiyo

Zai motsa wata rana, ko bayan doguwar tafiya a mota ko bayan ka ɗan zarce. Wannan ba ya nufin aikinka ya rushe. Koma mataki ɗaya baya kwana 3 zuwa 5, ɗumi da motsin safe da yamma da roba, sannan ka ɗora daga ƙasa kaɗan da inda ka tsaya. Motsin roba da na rub da ciki kuma su zama ɗumama jikinka na dindindin ko bayan ka warke.

In ka yi mako 6 kana bin wannan tsari da gaskiya makin bai sauka ba, ko hannu ya fara mutuwa ko rasa ƙarfi, ko ka ga allon kafaɗa ɗaya ya ɗago daga jiki idan ka tura bango, lokacin likitan fisiyo ya yi. Fara da asibitin da ke kusa da kai, kamar na Manhyia, a duba ka a ba ka takardar turawa. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen fisiyo. Ka tabbata katin inshorar lafiyarka yana aiki, ana sabunta shi ta waya da *929#. Ka tafi da littafin makinka da bidiyon ɗagawarka, ka faɗi duk abin da ka sha ko aka yi maka allurarsa ba ɓoye-ɓoye, ka kuma gaya masa tun farko cewa burinka komawa ƙarfe ne, don ya tsara maka horon da zai kai ka can.